BABI NA UKU: TASIRIN TSAMIN RUWA A KAN BAKTERIYA A MADATSUN RUWAN DUTSIN-MA DA KURFI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo bayani a kan hanyoyin da mutanen ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi suke samun ruwan sha da na noman rani da na shayar da dabbobi. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin duba wani hali na shi kansa ruwan, wato tsaminsa, da yadda wannan tsami yake sarrafa rayuwar ƙananan halittun nan da ake kira bakteriya. Bahaushe yana cewa, "Ruwa ba ya tsami banza." Masana kimiyya sun amince da wannan magana, har ma sun ƙara da cewa idan tsamin ruwa ya sauya, to mazauna cikinsa ma sai sun sauya.

Abin da babin yake son nunawa shi ne, tsami ba ya share bakteriya daga cikin tafki gaba ɗaya. Zaɓe yake yi a tsakaninsu, ya danne wasu, ya ɗaukaka wasu. Su kuma waɗanda suka yi rinjaye su ne suke yanke hukuncin ko ruwan zai yi daɗin sha, ko kifi zai rayu a cikinsa, ko kuma zai zama hanyar ɗaukar cuta.

3.1 Ma'anar Tsamin Ruwa da Ma'auninsa

A Hausa, tsami shi ne ɗanɗanon da harshe yake ji a tsamiya ko lemun tsami ko nono. Kishiyarsa kuwa ita ce kanwa, shi ya sa ake cewa, "Kanwa ta kar tsami." A wajen masana kimiyya ma haka abin yake, sai dai su da ma'auni suke aiki, domin akwai tsamin da harshe ba ya iya ji. Wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Sorensen shi ne ya fito da wannan ma'auni a shekarar 1909, ana kuma kiran sa ma'aunin pH. Abin da yake aunawa shi ne yawan ƙwayoyin haidirojin da suke yawo a sake a cikin ruwa.

Ma'aunin ya tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya, ba tsami ba kanwa. Duk abin da ya yi ƙasa da 7 yana ɓangaren tsami, abin da ya haura 7 kuma yana ɓangaren kanwa. Ga misalai:

(a) Ruwan lemun tsami: wajen 2
(b) Nono mai tsami: wajen 4
(c) Ruwan sama marar gurɓata: wajen 5.6
(d) Jinin ɗan Adam: wajen 7.4
(e) Jiƙon kanwa: wajen 10

Wani abin lura shi ne, kowane taki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne. Wato ruwan da yake kan 6 ya ninka wanda yake kan 7 tsami har sau 10, wanda yake kan 5 kuma ya ninka shi sau 100. Saboda haka sauyin da mai karatu zai ga kamar ɗan kaɗan ne a takarda, babban al'amari ne ga halittar da take zaune a cikin ruwan. Ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Nijeriya ta shekarar 2007 ta tanadi cewa ruwan sha ya kasance tsakanin 6.5 da 8.5.

3.2 Al'ummar Bakteriya a Cikin Ruwan Daɗi

Bakteriya halittu ne masu ƙwayar rai guda ɗaya, ba a ganin su sai da madubin ƙara girma. Wani mutumin ƙasar Holan mai suna Leeuwenhoek ne ya fara ba da labarin ganin su a shekarar 1676. A yau an san cewa mililita ɗaya ta ruwan tafki, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, takan ƙunshi bakteriya kimanin miliyan ɗaya. Mafi yawansu ba sa cutar da mutum, hasali ma su ne masu yi wa tafki hidima. Dalilin da ya sa ake kiran su al'umma shi ne, kamar mutanen gari suke, kowane rukuni da sana'arsa. Za a iya kasa su kamar haka:

(a) Masu ruɓar da abubuwa. Su ne suke narkar da ganyaye da kashin dabbobi da mushen kifi, su mayar da su abincin tsirrai.
(b) Masu sarrafa amoniya. Amoniya ita ce sinadarin nan mai zarni da yake fitowa daga fitsari da taki. Wannan rukuni yakan mayar da ita sinadarin naitiret wanda ba ya yi wa kifi illa kamar ita. Masanin ƙasar Rasha, Winogradsky, shi ya bayyana aikinsu a wajen shekarar 1890.
(c) Masu haɗa abincinsu da hasken rana kamar yadda tsirrai suke yi. Waɗannan su ne suke yin wani ɓangare na koren gansakukar da ake gani a saman ruwa. Sunansu na kimiyya shi ne Cyanobacteria.
(d) Mazauna taɓon ƙasan tafki, inda babu iskar oksijin. Su ne suke fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai idan aka tona laka.
(e) Baƙi masu shigowa ta hanyar najasa, irin su masu kawo taifot da atuni da kwalara.

3.3 Yadda Tsami Yake Zaɓe a Tsakanin Bakteriya

Kowace bakteriya tana ƙoƙarin ta riƙe cikin jikinta a kusa da tsakiyar ma'auni, ko da yaya ruwan da ke kewaye da ita yake. Idan ruwan ya yi tsami da yawa, sai ta riƙa kashe ƙarfinta wajen fitar da ƙwayoyin haidirojin da suke kutsowa cikinta, maimakon ta ci ta hayayyafa. Wadda aka halitta da juriyar tsami kuwa ba ta shan wannan wahala, don haka sai ta riga sauran yaɗuwa ta cinye abincin. Bayan wannan, tsami yana taɓa bakteriya ta bayan fage, domin yana narkar da ƙarafa irin su alminiyam daga cikin laka, yana kuma sauya siffar abincin da suke dogaro da shi.

Bahaushe ya daɗe yana amfani da wannan ƙa'ida a sana'o'insa ko da bai ba ta suna ba. Idan Bafulatana ta zuba madara a ƙwarya ta kwana, bakteriya masu yin tsami ne suke cin zaƙin madarar su mayar da ita nono. Da tsamin ya sauka wajen 4, sai yawancin masu ruɓarwa su kasa rayuwa, shi ya sa nono ya fi ɗanyar madara jimirin ajiya. Haka abin yake a gasara da ruwan tsamin da ake dama koko da shi. A ɗaya ɓangaren kuma, mai yin daddawa idan ta dafa kalwa ta rufe, wata bakteriya ce mai suna Bacillus subtilis take yin rinjaye, tana fitar da amoniya tana tura kalwar zuwa ɓangaren kanwa. A marina ma, irin ta Ƙofar Mata a Kano, toka ce ake zubawa a karofi domin ruwan ya yi kanwa sosai, sannan bakteriyan da suke sarrafa baba su samu damar aiki. Marini da ya ce karofinsa ya mutu, a haƙiƙa al'ummar bakteriyan cikinsa ce ta rushe. Tafki ma babban karofi ne, bambancin kawai shi ne ba mai kula da shi kullum kamar yadda marini yake kula da nasa.

3.4 Darasi Daga Wasu Ƙasashe

An fi gudanar da bincike a kan wannan batu a ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa, saboda bala'in ruwan sama mai tsami da hayaƙin masana'antu ya jawo musu. Tun a shekarar 1872 wani masani a birnin Manchesta na Ingila, Robert Angus Smith, ya ambaci wannan matsala. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 sai aka lura kifi yana ƙarewa a tafkuna da yawa na ƙasashen Suwidin da Norwe.

Domin gano yadda abin yake faruwa, wasu masana a ƙasar Kanada, ƙarƙashin jagorancin David Schindler, sun ware wani tafki a lardin Ontariyo mai lamba 223, suka fara zuba masa sinadarin tsami da gangan daga shekarar 1976. Cikin shekaru takwas ruwan ya sauka daga wajen 6.8 zuwa wajen 5. Ƙananan kifaye da jatan landen da manyan kifaye suke ci suka ɓace, manyan kuma suka rame. Amma abin mamaki, ruɓewar abubuwa ba ta tsaya ba, domin masu juriyar tsami sun gaji aikin waɗanda suka kau. Rukunin da bai samu magaji ba shi ne na masu sarrafa amoniya. Rahoton da Rudd da abokan aikinsa suka fitar a 1988 ya nuna cewa aikin wannan rukuni ya tsaya da ruwan ya sauka tsakanin 5.7 da 5.4, sai amoniya ta riƙa taruwa. Har ila yau an gano cewa mazauna taɓo suna kashe wani kaso na tsamin da ake zubawa, wato su ne masu yi wa tafki magani daga ƙasa.

Daga baya, da aka samu dabarar gane bakteriya ta hanyar ƙwayoyin gadonsu, Lindstrom da abokan aikinta sun nazarci tafkuna 15 a arewacin Turai a shekarar 2005. Sun tarar cewa tsami da zafin ruwa da tsawon lokacin da ruwa yake ɗauka a cikin tafki su ne suka fi bayyana irin bakteriyan da ake samu a kowane tafki. Tun kafin wannan, a 1973, Thomas Brock ya nuna cewa ba a samun bakteriya masu yin gansakuka a ruwan da ya yi ƙasa da 4. Sun fi son ɓangaren kanwa. Ba sai an je nesa ba wajen ganin haka, domin a tafkunan kanwa na ƙasar Kanem, gabas da tafkin Cadi, irin wannan bakteriya mai suna Spirulina ta mamaye ruwa har mata suna kwasa su shanya su sa a miya.

3.5 Halin da Ake Ciki a Dutsin-Ma da Kurfi

Babban ruwan wannan yanki shi ne madatsar Zobe da ke ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, a kan kogin Karaduwa. An kammala gina ta a shekarar 1983, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, tun kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Tana iya ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 170. A watan Yuli na shekarar 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da kashin farko na aikin tace ruwan Zobe, wanda aka tsara domin kai ruwan famfo Dutsin-Ma da Kurfi da birnin Katsina da wasu garuruwa. Ban da Zobe akwai ƙaramar madatsar garin Dutsin-Ma, sannan akwai tafkuna da kududdufai a ƙauyukan ƙananan hukumomin biyu, waɗanda yawanci ramukan ɗibar ƙasar gini ne da suke cika da damina.

Abubuwa biyu ne suke ja-in-ja a kan tsamin waɗannan ruwaye. Na farko, yankin yana zaune a kan tsofaffin duwatsu masu tauri, irin waɗanda ake fasawa a yi tsakuwar gini, kamar dutsen da garin Dutsin-Ma ya samo sunansa daga gare shi. Irin waɗannan duwatsu ba su da wadataccen sinadarin kashe tsami kamar dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato. Ta wannan fuska ƙasar ta yi kama da ta Suwidin da Kanada, wato ruwanta yana da saurin sauyawa. Na biyu kuma, a nan babu hayaƙin manyan masana'antu, sannan akwai ƙurar hunturu da take tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi ɗauke da sinadarin kalsiyam mai kashe tsami, ga kuma zafin rana mai ƙafar da ruwa. Saboda haka barazanar da ta fi kusa da mu ba irin ta Turai ba ce. Tamu ita ce hawa da saukar ma'aunin bisa ga lokutan shekara, musamman hawansa zuwa ɓangaren kanwa.

3.5.1 Damina

Daga watan Yuni zuwa Satumba ruwan sama yakan wanko gonaki da makiyaya da bayan gari ya zubo cikin tafki. Shi kansa ruwan saman yana da ɗan tsami. Ganyaye da kashin dabbobin da ya kwaso kuma idan suka fara ruɓewa sukan fitar da iskar kabon wadda take ƙara tsami. Takin yuriya da ya wanko daga gona yakan koma amoniya, su kuma masu sarrafa amoniya aikinsu yana haifar da tsami. Bugu da ƙari, ruwan yakan yi jawur da laka, hasken rana ya kasa ratsa shi, sai masu yin gansakuka su ja baya. A wannan lokaci masu ruɓarwa ne suke da gari, tare da baƙin da najasa ta kawo.

3.5.2 Rani da Bazara

Da ruwa ya ɗauke, sai laka ta kwanta, tafki ya fara janyewa. Ruwa ne yake ƙafewa, amma gishirin da ke cikinsa yana nan, sai ya ƙara kauri. A daidai wannan lokaci ne manoman rani suke zuba kamfa da yuriya a bakin ruwa, shanu suke taruwa a mashaya, mata da yara suke wanki da sabulu da omo, waɗanda su ma 'yan ɓangaren kanwa ne. Abinci ya samu, haske ya samu, zafi ya samu, don haka masu yin gansakuka sukan yaɗu har ruwa ya koma kore. Wannan ya fi tsanani a ƙananan kududdufai, domin ruwansu kaɗan ne, kuma ba ya gudu.

3.5.3 Dare da Rana

A ruwan da ya yi kore, ma'aunin yakan sauya ko a cikin yini guda. Da rana gansakuka tana zuƙe iskar kabon, sai ruwan ya hau ɓangaren kanwa, wani lokaci har ya haura 9 da la'asar. Da dare kuwa duk halittun suna numfashi suna mayar da iskar, sai ya sauko kafin asuba. Don haka duk wanda zai auna ruwan tafki wajibi ne ya rubuta lokacin da ya ɗebo shi, in ba haka ba lambar da ya samu za ta iya yaudarar sa.

3.6 Tasirin Wannan Sauyi ga Jama'a

Na farko shi ne kwalara, wato amai da gudawa. Ƙwayar da take kawo ta, Vibrio cholerae, ba ta jure tsami, amma tana son ɓangaren kanwa, har ma a ɗakin gwaji a ruwa mai awon 8.5 ake rainon ta. Ruwan da ya haura 9 yakan kashe yawancin ƙwayoyin najasa, ita kuwa ta fi su jurewa. Bincike a ƙasar Bangaladash ya nuna tana maƙalewa a jikin gansakuka da ƙananan ƙwarin ruwa. Wannan ba yana nufin kanwa ce take haifar da kwalara ba. Najasar mai ɗauke da cutar ce take kawo ta, shi ya sa ta fi ɓarkewa da damina. Amma ruwan da ya karkata ɓangaren kanwa masauki ne mai daɗi a gare ta. A shekarar 2021 an ba da rahoton mutane fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da ita a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Jihar Katsina kuma tana cikin jihohin da abin ya shafa.

Na biyu shi ne gubar gansakuka. Wasu daga cikin waɗannan bakteriya, irin su Microcystis, suna fitar da guba mai lalata hanta, kuma tafasa ruwa ba ya kashe wannan guba. A garin Karuwaru na ƙasar Birazil, a shekarar 1996, masu ciwon ƙoda fiye da 50 ne suka rasu bayan an yi musu wankin jini da ruwan madatsar da ke ɗauke da ita. Dabbobin da suke sha a bakin tafki, inda iska take tara koren kumfa, su ne suka fi shiga haɗari.

Na uku shi ne aikin tace ruwa. Kulorin da ake zubawa domin kashe ƙwayoyin cuta yana rasa ƙarfi idan ma'aunin ya hau. A kan 6.5 kimanin kashi 90 cikin 100 nasa yana cikin siffarsa mai kaifi, a kan 7.5 rabi ne, a kan 8.5 kuwa kimanin kashi 10 ne kawai. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ruwa ya kasance ƙasa da 8 lokacin zuba kulorin. Alam da ake kwantar da laka da shi kuma yana ƙara wa ruwa tsami. Ashe ke nan awon maganin da ya wadatar da damina ba lallai ne ya dace da bazara ba.

Na huɗu shi ne kifi. Amoniya tana da siffa biyu, mai guba da marar guba sosai, kuma ma'aunin ne yake raba su. A ruwa mai ɗumin digiri 25, kason mai gubar bai kai 1 cikin 100 ba a kan 7, a kan 8 ya kai wajen 5, a kan 9 kuwa ya haura 30. Wannan ya shafi masuntan Zobe masu kamun karfasa da tarwaɗa, ya kuma shafi matasan da suke kiwon kifi a kwatami.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an yi bayanin ma'anar tsamin ruwa da ma'auninsa, da rukunonin bakteriyan da ke cikin ruwan daɗi, da yadda tsami yake zaɓe a tsakaninsu. An ga cewa a ƙasashen sanyi yawan tsami ne ya durƙusar da masu sarrafa amoniya, a Dutsin-Ma da Kurfi kuwa abin da ya fi cancantar sa ido shi ne karkatar ruwa zuwa ɓangaren kanwa da rani.

Bisa ga haka, mai nazari yana ganin ya kamata hukumomin ruwa da sassan lafiya na ƙananan hukumomin biyu su riƙa auna ruwan madatsu da kududdufai kowane wata, safe da yamma, tun da takardar awon ba ta da tsada. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita za su iya sa ɗalibansu cikin wannan aiki. Ya kamata manoma su bar tazara mai ciyawa tsakanin gonakinsu da bakin ruwa, a ware wa dabbobi mashaya daban da inda mutane suke ɗiba, a kuma guji bahaya a kusa da tafki. A gida, a tace ruwa da tsaftataccen ƙyalle mai ninki huɗu ko fiye kafin a tafasa, domin rahoton Rita Colwell da abokan aikinta na 2003 ya nuna cewa wannan tacewa kaɗai ta rage kwalara da kusan rabi a ƙauyukan Bangaladash. Ruwan da ya yi kore kuwa a ƙaurace masa, mutum da dabba.

Babi na gaba zai duba sunayen da Hausawan wannan yanki suke kiran ire-iren ruwa da su, kamar zartsi da gwiɓi da garai-garai, da kuma abin da kowane suna yake nunawa game da lafiyar ruwan.